Kwali uku na littattafai, kanta ɗaya: yadda ake tantance na koyarwa, na rawar bolrum da na tarihin 'yan siyasa

Tambaya: Ina kula da wani ƙaramin ɗakin karatu. An ba mu kyautar littattafai kwali uku, yawancinsu da Turanci: na dabarun koyarwa a aji, na rawar Turawa ta bibbiyu da ake kira bolrum, da na tarihin rayuwar 'yan siyasa. Wurin da muke da shi ba zai ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ban san fannonin nan sosai ba. Na yi niyyar in ajiye sababbin in bayar da tsofaffin. Hakan daidai ne?

Amsa: Malama, kada ki bi shekarar bugu ita kaɗai, za ki zubar da masu amfani ki riƙe ƙaiƙayi. Tsufa yana taɓa waɗannan fannoni uku ta hanyoyi daban-daban. Littafin rawa na shekara sittin da suka wuce zai iya zama mafi daraja a cikin kwalin. Littafin tarihin ɗan siyasa mai irin wannan shekaru zai iya rasa rabin labarin, domin an rubuta shi kafin a buɗe takardun gwamnati. Na koyarwa kuwa, sabo fil zai iya ɗauke da maganar da bincike ya rushe tun tuni. Kowane kwali yana da tambayarsa, kuma kowace tambaya a tsakiyar littafi ake samun amsarta. Bango da kalaman yabon da ke bayansa aikin masu talla ne.

Kafin komai, ki fitar da duk wanda ya yi hunhuna ko yake warin danshi, da wanda ƙwari suka huda, ki nesanta su da sauran, domin hunhuna tana yaɗuwa daga littafi zuwa littafi. Ki fitar da masu ɓatattun shafuka da waɗanda suka zo bibbiyu. Sauran su ne za ki zauna a kansu, kimanin minti goma kowanne.

A fara da na koyarwa. Ki buɗe babin da ke magana kan yi wa ɗalibai tambaya, ko kan tafiyar da aji, ki karanta shafi uku. Sai ki tambayi kanki: malamin da ya karanta wannan da daddare, me zai yi daban gobe da safe idan ya shiga aji? Idan abin da kika samu bai wuce "a ja hankalin ɗalibai", "a sa darasi ya yi armashi", "a kula da bambancin yara" ba, littafin bai ce komai ba tukuna. Duk malami ya san wannan. Abin da yake nema shi ne yadda ake yi, a wane minti, da kuma abin da zai yi idan dabarar ta ƙi.

Ga misalin abin da littafi mai kyau yake faɗa. A farkon shekarun 1970 wata mai binciken ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna tsawon lokacin da malamai ke jira bayan sun yi tambaya, ta tarar bai cika wuce daƙiƙa ɗaya ba kafin su amsa da kansu, ko su sake tambayar, ko su kira wani. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu, "ban sani ba" ta ragu. Ta kuma nuna cewa jiran iri biyu ne: bayan tambaya, da bayan yaro ya yi shiru, domin sau da yawa bai gama ba, tunani yake. Littafin da ya san aikinsa zai ƙara da cewa a yi tambayar tukuna, a jira, sannan a ambaci suna, saboda da zarar an fara da suna sauran ajin sun ajiye tunani. Zai kuma gargaɗi malami cewa shirun daƙiƙa uku yana da nauyi a farko, har ya ji kamar darasi ya tsaya, don haka ya riƙa ƙirgawa a zuci. Wannan shi ne irin bayanin da ake nema: akwai adadi, akwai tsari, akwai dalili, akwai inda ake tuntuɓe.

Haka batun tarbiyyar aji. Jacob Kounin, wanda ya ɗauki azuzuwa a faifan bidiyo ya fitar da sakamakonsa a 1970, ya gano cewa malaman da ajinsu ke natse ba su bambanta da sauran ba wajen irin tsawatarwar da suke yi bayan an yi laifi. Bambancin yana gaba da laifin: idonsu yana kan dukan ajin, suna gane wanda ya fara tun abin bai yaɗu ba, kuma ba sa barin giɓi tsakanin aiki da aiki. Saboda haka ki duba ko littafin ya ba da shafuka ga abubuwan da ake ganin ƙanana ne, shigowa aji, rabon takardu, sauyawa daga sauraro zuwa rubutu, inda malami zai tsaya. Wanda ya cika babinsa da jerin hukunci kawai ya zo bayan an gama ɓarna.

Akwai alamomi biyu da nake ganin sun isa a ajiye littafi gefe. Ta farko ita ce zanen dala, mai faɗin gindi da tsinin kai, mai cewa mutum yana tuna kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 20 na abin da ya ji, har zuwa kashi 90 na abin da ya yi ko ya koyar. Ana jingina shi ga masanin ilimi Edgar Dale, alhali zanen da Dale ya fitar a 1946 ba shi da ko lamba ɗaya. Wasu ne suka liƙa masa alkaluman daga baya ba tare da wani bincike ba. Ta biyu ita ce gina littafi kan raba yara zuwa masu koyo da ido, masu koyo da kunne da masu koyo da motsi, a ce a koyar da kowa ta hanyarsa. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku sun bi diddigin binciken da aka yi a kai, ba su sami hujjar da ta isa a gina koyarwa a kanta ba. Abin da ake koyarwa ne yake zaɓar hanya: taswira sai an gani, lafazi sai an ji, ɗinki sai an yi. Marubucin da ya kawo waɗannan biyu a matsayin tabbas bai binciki abin da ya kwafo ba, kuma da wuya a ce a nan kaɗai ya yi sakaci.

Abin da ya kamata ki yi farin cikin gani kuwa shi ne bitar darasin jiya cikin minti biyar na farko, kawo sabon abu kaɗan-kaɗan, misalin da malami ya warware a allo mataki-mataki kafin ya saki yara, da yawan tambaya don gano wanda bai fahimta ba tun kafin jarrabawa. Barak Rosenshine ya tattara waɗannan cikin ƙa'idoji goma, har ya ce a lokacin gwaji tare da malami a nemi yara su riƙa samun kusan kashi 80 daidai: idan ya yi ƙasa da haka kuskure suke maimaitawa har ya zauna musu, idan kuma kowa yana cinye duka aikin ya yi musu sauƙi. Ki duba kuma ko littafin ya san amfanin sa yaro ya tuno abu da kansa. Gwajin Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna cewa bayan minti biyar masu sake karantawa ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su rufe takarda su tuno sun wuce su. Wannan ya bayyana dalilin da ɗalibai ke son maimaita karatu: yana sa su ji kamar sun iya, sai ranar jarrabawa abin ya watse.

Inda shekara take da tasiri a wannan kwali shi ne littattafan da aka ɗaura wa manhaja ko dokar wata ƙasa. Wanda aka rubuta don manhajar ƙasa ta Ingila ta 1988 ya rasa yawan amfaninsa ko a can, tunda an sake mata fasali, na baya-bayan nan mai girma a 2014. Haka littattafan amfani da kwamfuta a aji, su ne suka fi saurin tsufa. Sai kuma ki lura da ajin da marubucin yake hasashe. Dabarar da aka tsara don yara ashirin da malami da mataimaki ba za ta zauna yadda take a ajin yara saba'in ba, kuma littafin kirki yana faɗin girman ajin da yake nufi.

Kwalin rawa ne zai fi ba ki mamaki, domin a nan da tsohuwar zuma ake magani. Ƙungiyar malaman rawa ta Ingila, ISTD, wadda aka kafa a 1904, ta buɗe reshen bolrum a 1924, kuma daga nan aka fara rubuta ƙa'idojin taku ɗaya bayan ɗaya. Littafin Alex Moore da ya fara fitowa a 1936 an yi ta sake buga shi shekaru da dama, na Walter Laird kan rawar Latin kuma ya fito a 1961. Idan kin ga ɗayansu a kwalin, ko da bangon ya yage, ki ɗinke shi ki ajiye. Tushen taku bai canza sosai ba. Abin da ya canza shi ne dokokin gasa, sutura, da faɗin riƙon da ake gani a hotuna.

Abu na farko da za ki tantance shi ne wane tsari littafin yake bi, domin manyan tsare-tsare biyu ne kuma ba a gwama su. Tsarin ƙasa da ƙasa, wanda ya samo asali daga Ingila kuma ake gasarsa a garin Blackpool na can, yana da raye-raye goma. Biyar ana yin su ne a riƙe da juna daga farko har ƙarshe: wals, tango, wals ɗin Biyana, fokstirot da kwikstef. Biyar kuma na Latin ne: ca-ca-ca, samba, rumba, faso dobule da jaif. Tsarin Amurka yana barin masu rawa su saki juna ko a wals da fokstirot, kuma yana da nasa jerin da ya haɗa da mambo da bolero. Sunaye iri ɗaya ne, abin da ke ƙarƙashinsu daban. Rumbar ƙasa da ƙasa tana fara taku a bugu na biyu na kiɗa, ana ƙirga biyu, uku, huɗu-ɗaya, kuma ana ɗora nauyi a kan miƙaƙƙiyar ƙafa. Rumbar Amurka tana zana murabba'i a ƙasa, taku ɗaya a hankali biyu da sauri, ana taka ƙafa gwiwa a lanƙwashe sannan a miƙe ta. Mutum biyu da suka koya daga littattafai biyu masu tsari daban ba za su iya rawa tare ba, kowa zai ɗauka ɗayan ne ya kuskure. Haka tango: na bolrum daban, na Ajantina daban, riƙo da taku da kiɗa duk sun sha bamban. Littafin da bai faɗi tsarin da yake bi a shafukan farko ba, marubucinsa bai damu da mai koyo ba.

Daga nan ki nemi jadawali. Littafin ƙwararru yana rubuta kowane salo a layuka da ginshiƙai: lambar taku, inda ƙafa za ta je, inda take fuskanta a cikin zauren, yawan juyi, ɗagawa da saukowa, sashen ƙafar da zai taɓa ƙasa, karkatar jiki, da ƙirgen kiɗa. Don ki iya gwada shi, ki san cewa masu rawa suna zagaya zaure ne saɓanin tafiyar hannun agogo, wannan hanya ita ake kira layin rawa, kuma ana auna juyi da kashi takwas na da'ira, kowane kashi digiri 45. Harafin H yana nufin diddige, T yatsun ƙafa, S taku a hankali, Q taku da sauri.

Ki buɗe juyin dama na wals, wanda kusan kowane littafi yake da shi, ki duba takun namiji uku na farko. Ya kamata ki ga haka. Taku na ɗaya, ƙafar dama gaba, yana fuskantar bangon zauren a karkace, diddige ya fara sauka sannan yatsu, ɗagawa tana farawa a ƙarshen takun. Taku na biyu, ƙafar hagu gefe, a kan yatsu, an juya rubu'in da'ira zuwa dama. Taku na uku, ƙafar dama ta haɗe da ta hagu, an ƙara kashi ɗaya cikin takwas, yanzu ya ba layin rawa baya, yana kan yatsu sannan ya sauke diddige a ƙarshen bugun. Jimillar juyi kashi uku cikin takwas, wato digiri 135. Idan littafin ya ba da duk wannan, na ajiyewa ne. Idan ya ce kawai "gaba, gefe, haɗe, kana juyawa dama", mai koyo zai faɗa kura-kurai guda uku da aka sani: zai taka na farko da yatsu sai tafiyar ta gajarce, zai ɗaga tun farkon bugu na ɗaya sai ya riƙa tsalle maimakon lilo, kuma zai sauke diddige da wuri a na uku sai ya rasa ƙarfin da zai tura taku na huɗu.

Ki duba sashen mace da kyau, a nan littattafai masu arha suke ha'inci. Suna rubuta takun namiji dalla-dalla, sai su ce mace ta yi akasinsa. Ba haka abin yake ba. A takun farko na wannan juyi mace tana ja da baya, jikinta yana ɗagawa amma diddigenta yana nan a ƙasa har ƙafa ta biyu ta wuce. A juyin fokstirot kuma tana haɗe ƙafafu ta juya a kan diddige, abin da namiji ba ya yi a wannan wuri. Littafin da bai ba mace nata jadawalin ba, rabin littafi ne.

Ya kamata kuma ya faɗi saurin kiɗa, wanda ake aunawa da yawan gaɓoɓin kiɗa a minti ɗaya. Wals yana da bugu uku a gaɓa, gaɓa 28 zuwa 30 a minti. Wals ɗin Biyana ninkinsa ne, 58 zuwa 60. Fokstirot bugu huɗu, 28 zuwa 30, kwikstef 50 zuwa 52, rumba 25 zuwa 27. A fokstirot da kwikstef taku a hankali yana cin bugu biyu, mai sauri bugu ɗaya. Masu koyo da yawa suna kunna wals ɗin Biyana su yi ƙoƙarin taka na hankali a kai, sai su zaci su ne ba su iya ba. Littattafan da suka dogara ga zanen tafin ƙafa a ƙasa suna taimakon ɗan koyo na makon farko, amma zanen ba ya nuna lokacin da nauyi ke komawa ƙafa, kuma yana koya wa mutum kallon ƙasa, wanda ke rusa tsayuwa. Ɗaya irinsu ya isa. Wanda aka gina shi kan faifan da ke maƙale a bango, in faifan ya ɓata, ki bar shi ya tafi.

Kwali na uku ya fi buƙatar haƙuri, kuma shi ne wanda kuskure a cikinsa ya fi cutar da mai karatu, domin wanda ya koyi taku ba daidai ba zai gane da zarar ya shiga fili, amma wanda ya haɗiyi ƙarya game da wani shugaba zai iya riƙe ta har tsufansa. Tambayar a nan ita ce: ta yaya marubucin ya san abin da yake faɗa?

Ki fara da shafin godiya, wanda mutane ke tsallakewa. A nan za ki ga wa ya ba shi takardu, wa ya ba shi kuɗi, da wa ya yi hira, kuma ko iyalin mutumin sun karanta rubutun kafin a buga. Daga nan za ki gane wane iri ne a hannunki. Akwai wanda ake fitarwa gab da zaɓe don tallata ɗan takara, al'adar da ta daɗe a Amurka tun ƙarni na 19. Irin wannan yana mutuwa ne ranar da aka ƙirga ƙuri'a. Akwai wanda ɗan siyasar ya rubuta da kansa, sau da yawa da taimakon wani marubuci. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma shaida ce ta mai ƙara a kan shari'arsa, a karanta ta a matsayin haka. Akwai wanda aka rubuta da izinin mutumin ko iyalinsa, akwai na mai bincike mai zaman kansa, akwai kuma na abokin gaba da ya zo ramuwa.

Mai izini yana da riba da hasara. Yana ganin wasiƙu da littattafan sirri da babu wanda ya gani, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin dubawa shi ne sharaɗin da aka yi. Tarihin tsohuwar firaministar Birtaniya Margaret Thatcher mai izini an yi shi ne bisa yarjejeniyar cewa ba za ta karanta ba kuma ba za a buga ba sai bayan ranta. Juzu'i na farko ya fito a 2013, shekarar da ta rasu. Wannan sharaɗi yana ba marubuci sarari. Izini kuma ba ya tabbatar da inganci: marubucin da aka ba damar shiga fadar shugaban Amurka Ronald Reagan ya fitar da littafi a 1999 wanda ya saka ƙagaggun mutane a ciki, har da mai ba da labarin, abin da ya jawo masa suka mai yawa daga masana tarihi.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne wannan. Ki tuno abu mafi muni da aka sani game da mutumin, yaƙin da ya jawo, zaɓen da aka yi zargin maguɗi, abokin da ya yasar. Ki nemo shi a fihirisar da ke ƙarshen littafi, ki ga shafi nawa aka ba shi. Idan babu shi, ko an wuce shi a sakin layi ɗaya alhali an ba bikin rantsarwa shafi goma, kin gane. Idan littafin na suka ne, ki juya gwajin: ki nemi babban abin kirkin da mutumin ya yi. Sai ki karanta wurin kina bin ƙananan lambobin da ke kai wa ga bayanan madogara. Ki ga ko suna nuni ga wasiƙa mai kwanan wata, rahoton taro, faifan murya, hira da mai suna, ko kuwa duk ga wasu littattafan tarihin rayuwa suke komawa. Na biyun ya nuna marubucin bai taɓa takardun asali ba, tattara maganar wasu ya yi. Littafin da ba shi da fihirisa kuma ba shi da bayanan madogara, ba yadda za a yi mai karatu ya bincike shi.

Ki yi hattara da doguwar hira da aka sa cikin alamar zance tsakanin mutum biyu a ɗaki a rufe, shekara arba'in da suka wuce. Wa ya ji? Wa ya rubuta, kuma yaushe? Haka jimloli irin su "a ransa ya ce" ko "yana kallon taga yana tunanin mahaifinsa". In babu wasiƙa ko littafin sirri a bayansu, ƙage ne. Irin wannan ƙage yana da tsawon rai. Labarin George Washington, shugaban Amurka na farko, yana yaro ya sare bishiya ya kuma ƙi yi wa mahaifinsa ƙarya, wani marubuci ne ya saka shi a bugun 1806 na littafinsa, bayan rasuwar Washington, ba tare da wata hujja ba, amma aka yi ta koya wa yara shi fiye da ƙarni guda.

A nan ne shekarar bugu take da nauyi, amma sai an auna ta da ranar buɗe takardu. A Birtaniya dokar 1958 ta rufe takardun gwamnati shekara 50, ta 1967 ta rage zuwa 30, daga 2013 kuma aka fara komawa 20 sannu a hankali. A Amurka dokar 1978 ta mayar da takardun shugaban ƙasa mallakar jama'a tun daga mulkin Reagan. Ana iya neman su shekara biyar bayan ya sauka, wasu kuma a tsare su har shekara 12. Saboda haka tarihin shugaba da aka rubuta yana kan mulki, ko shekara biyu bayan saukarsa, an gina shi ne kan jaridu da hirarrakin mutanen da ke da abin karewa. Misali mafi bayyana shi ne Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya. Sai a 1974 aka bayyana wa duniya cewa Birtaniya tana karanta saƙonnin sirrin sojan Jamus a lokacin yaƙin duniya na biyu. Littattafan da shi kansa ya rubuta kan yaƙin ba su faɗi wannan ba, haka duk tarihinsa da ya fito kafin wannan shekara, don haka suna bayyana wasu shawarwarinsa ba tare da sanin abin da ke kan teburinsa ba. Haka shugabannin Tarayyar Sobiyet: abin da aka rubuta kafin buɗe taskokin takardun Mosko bayan 1991 ya dogara ne ga bayanan hukuma da na waɗanda suka tsere. Akwai ɗan gwaji mai sauri a kan Stalin. A hukumance an ce an haife shi a Disambar 1879, amma rajistar coci ta nuna Disambar 1878. Sabon littafin da ya kawo 1879 bai ce komai a kai ba, bai bi abin da aka gano ba. Na tsohon shugaban Amurka Lyndon Johnson kuma, ki duba ko ya yi amfani da faifan hirarrakinsa na waya, waɗanda aka fara saki a 1993.

Wannan ba ya nufin a zubar da duk tsohon tarihi. Wanda wani na kusa ya rubuta, sakatare ko minista ko ɗan jaridar da ya yi tafiya tare da mutumin, yana riƙe da abin da takarda ba ta riƙewa, yadda yake magana, yadda yake fushi, wa yake saurara. Ya zama shaida shi ma. Wanda ya kamata ya tafi shi ne tsohon da ba shaidar ido ba ne kuma ba bincike ba ne.

Tunda wuri ya yi kaɗan, shawarata ita ce ki fifita littattafai biyu masu saɓani a kan mutum ɗaya bisa littattafai biyu a kan mutum biyu. Abin da shugaba ya faɗa game da kansa, a gefensa abin da mai bincike ya tarar a takardu, sun fi koya wa mai karatu yadda ake auna magana. Idan kina bin tsarin lambobin Dewey na jera littattafai, na koyarwa suna zama a 371, na bolrum a 793.33, tarihin rayuwa a 920. A wannan sashe na ƙarshe ki jera su da sunan wanda aka rubuta a kansa maimakon sunan marubuci, ta yadda duk wanda ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya zai ga ɗayan a jikinsa.